Sawun Malam a Takardar Siminti

A Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya aka fara cutata, kuma Bahaushe ɗan'uwana ne ya yi ta, ba Balarabe ba. Na isa garin ba ni da komai a jaka sai basilla uku, zaren ɗinki, kaya kala biyu, da wata takardar buhun siminti da na naɗe cikin leda. A jikin takardar akwai zanen tafin ƙafafun mahaifina, hagu da dama, da tawadarsa na zana su.

Mahaifina, wanda mu ƴaƴansa ma Malam muke ce masa, shi ne limamin garinmu a ƙasar Kwaya tun kafin a haife ni. Ciwon sukari ya bi shi a hankali har ya kashe masa jijiyoyin ƙafa. Ƙaya ta soke shi bai ji ba, takalmi ya fice daga ƙafarsa sai wani ya tsinto masa. Wata Juma'a, yana ɗagowa daga ruku'u, ya tafi da baya ya faɗa kan sahun farko, na'ibinsa Malam Rabe ya ƙarasa sallar. Malam ya fi kowa sanin hukuncin: a karatunmu, wanda ba ya iya tsayuwa ba ya jan masu tsayuwa. Ya koma ƙarshen sahu yana salla a zaune, ya ce Malam Rabe ya riƙe masa wurin kafin ƙafa ta dawo. Dattawan gari suka ce za su jira, amma ba su faɗi har yaushe ba.

Lokotoron Magariya, likitan da ya duba shi, ya gaya mana gaskiya, ya ce jin da ya tafi ba zai dawo ba. Yana rufe littafinsa ya ƙara da cewa a ƙasashen waje akwai abin da ake sawa a ƙafa, yana gaya wa mutum in ya karkace. Shi ya faɗa ya manta, ni na ɗauka na hana kaina sukuni. Ni ne ɗan da ya gudu daga allo ya kama dukanci. In baƙo ya tambayi Malam sana'ar ƴaƴansa, zai lissafa ta kowa, in ya zo kaina ya ce, "Mutari yana nan." Shekara goma ina nan. Don haka da zan tafi ci-rani arewa na roƙe shi ya taka takardar in zana, ya taka, bai tambaye ni dalili ba.

Wata uku na yi ina ɗaukar bulo a shantiye, wurin gini, a Tamanrasat. Duk wanda na gani da alamar wayewa sai na warware masa takardar, har abokan aiki suka raɗa mini Mai Sawu. Ta haka labarina ya kai kunnen wani Alhaji Ɗanjuma mai sayar da magunguna a bakin kasuwa. Ya ce shi ɗan Dungas ne, ya san kasuwar Mallawa rumfa rumfa, har ya ce ya taɓa bin Malam salla. Na ji kamar in rungume shi.

"Ɗan liman, ka zo inda ake zuwa," in ji shi. "Wannan tafin takalmin maganaɗisu ne a ciki. Kwana bakwai jijiya ta farka."

Na ba shi gumina na wata uku. Da na koma masauki hannuna ya ƙi zama, don baduku ba ya ganin ɗinki bai leƙa cikinsa ba. Na sa basilla na farke gefe. Murafen kwalbar lemo ne aka daddake aka jera a kan kwali. Na koma masa, na zube su a kan teburinsa. Ya dube su, ya dube ni, ko kunya bai ji ba.

"Wallahi ni ma haka aka sayar mini, ɗan'uwa. Mu yi haƙuri tare."

Baƙo ko da ido makaho ne. Na bar garin a makon nan, don in na ci gaba da wucewa ta gaban rumfarsa wata rana basilla za ta yi aikin da ba nata ba.

A Gardaya na kama aiki a gonar dabino. Wurin ba laifi, mai gonar ma da sanyi ya shigo ya ba ni bargon ɗansa ba tare da na roƙa ba. Amma ban taɓa jin kewar gida irin ta can ba. Burodi safe, burodi rana, har na fara mafarkin fura da tuwon hatsi da miyar kuka. In na ga jaki da amalanke sai zuciyata ta tsinke, in ga kamar hanyar Kwaya ce ranar kasuwa. Duk Juma'a bayan an sauko nakan kira Inna, mahaifiyata, a salular maƙwabcinmu. Ba ta ƙorafi, labari kawai take ba ni, labarin ne ke yanka ni.

"Malam lafiya lau. Jiya ya faɗi a bakin rijiya, amma bai ji ciwo ba."

Wata Juma'ar kuma ta ce, "An fara zancen naɗa Malam Rabe. Malam bai ce komai ba, sai dai ya rage cin abinci."

Bayan irin wannan waya ba na iya zama. In zaga gonar nan sau uku, in dawo in warware takarda in duba, in naɗe, in sake warwarewa. Wani ɗan Mali da muke aiki tare ya ce in likitoci nake nema ba a cikin dabino zan same su ba, in nufi bakin teku. Ban jira an gama tsinkar dabinon ba na kama hanya.

A Wahran na koma sana'ata. Na sami wata kusurwa kusa da tashar mota, na baje basilla da zare a kan kwali ina gyaran takalma, ido ɗaya a kan aiki, ɗaya a kan titi, don ba ni da takardun zama. Teku na can ƙasa ana ta zuwa kallonsa, ni sau ɗaya na je, na ga ruwa ne mai yawa da ba a sha, na dawo.

Wata safiya igiyar takalmin wata mata ta tsinke a gabana. Na ɗinke mata irin ɗinkinmu na gida, mai ɓoye zare a cikin fata. Ta juya takalmin ta sake juyawa, ta tambaye ni wa ya koya mini. Sunanta Madam Zuhra, tana da wurin da ake yin takalman marasa lafiya da ƙafafun roba. Washegari na fara aiki a can. Da Faransancina na lakwal, wato boko aji uku, da guntun Larabcin da na tsira da shi daga allo muke fahimtar juna. Rana ta uku na warware mata takardar. Ita ba ta yi dariya ba. Ta sa yatsa ta bi zanen, ta ce babban yatsan hagu ya fara karkacewa, a kula da shi.

A nan na haɗu da Ammi Salah, wani tsohon direban jirgin ƙasa mai irin ciwon Malam. Ya shigo ba sanda, yana tafiya a hankali amma a miƙe, ya ce a yi masa sabon takalmi da zai ɗauki na'urarsa. Da ya tuɓe na ga abin da na baro gida dominsa. Wani siririn shimfiɗi ne da ake sawa cikin takalmi, da ƴar waya da ta hau zuwa wani maɗauri da ake ɗaurawa sama da idon sawu, inda fata ke da sauran ji. Ɗansa ne ya aiko masa daga Turai. Ganin yadda na ƙura masa ido, tsohon ya ce in sa in gwada.

Na sa, na rufe ido. Na ɗan karkata gaba, sai na ji zirr a gaban ƙwaurina, kamar salula a aljihu. Na koma baya, zirr ta baya. Shimfiɗin ne ke jin inda nauyi ya tafi, maɗaurin kuma ya kai saƙon inda jiki zai ji. Na zauna a ƙasa ina shafa maɗaurin.

Madam Zuhra ta katse mini murna. Ta ce ba magani ba ne, ba ya tayar da jijiya, ba kuma kowa yake yi wa aiki ba. Sai mutum ya yi makonni yana koyon sauraronsa, kuma dole a duba ƙafar kullum, don mai irin ciwon nan yana iya yin gyambo bai sani ba. Da ta faɗi kuɗinsa na gane ko na shekara nawa ina ɗinki ba zan kai ba. Duk da haka na kasa barin garin.

Muka saba da Ammi Salah. Ran Juma'a nakan biya masa mu tafi masallaci. A bakin ƙofa in tuɓe masa takalman, ya dafa kafaɗata, in kai shi kujerar da tsofaffi ke salla a kai. Yana son labarin garinmu, musamman yadda ake jan ruwa da bijimi a rijiya, ya sa ni in maimaita masa ya yi ta dariya. Haka muka yi wajen wata takwas, Inna kuma na gaya mini dattawa sun tsayar da magana: in an gama kaka za a naɗa Malam Rabe.

Sai Ammi Salah ya sami shanyewar ɓarin jiki. Na je gaishe shi na tarar da shi a keken marasa lafiya, bakinsa ya karkace. Ya yi wa matarsa ishara, ta ɗauko wata jaka da na'urar a ciki ta ajiye a cinyata. Da ƙyar na gane abin da yake faɗa.

"Ni na gama tsayuwata. Kai wa babanka."

Na yi kuka a gaban matar mutane, ban ji kunya ba.

Madam Zuhra ta gwada shimfiɗin a kan zanen, ya zauna kamar don shi aka yi. Ta ba ni fata mai kyau, na zauna na yi takalmin da ban taɓa yin irinsa ba, rufaffe, mai tafin roba mai kauri saboda ƙaya. Na ɗinke shimfiɗin a ciki ram don kada yashi ya shiga. Al'adarmu ce baduku ya taka sabon takalmi ya yi laushi kafin ya ba mai shi, balle ƙafar da ba ta jin cizo. Na cusa tsumma a gaba, don ƙafar Malam ta fi tawa, na riƙa yawo da su.

Suna ƙafata wata Talata da hantsi aka yi sharar baƙin da ba su da takardu. Jakata, basillata, takardar siminti, duk suna can wurin aiki, ban ko yi sallama da Madam Zuhra ba. Kwanaki muka yi a mota ana gangarowa da mu kudu, kowa na kukan abin da ya bari. Ni na naɗe ƙafafuna a ƙarƙashina na ja wando na rufe maɗauran, ban yarda na tuɓe ba ko da ƙafar ta kumbura. A ƙarshe aka sauke mu a fili, aka nuna mana hanyar Asamaka, garin bakin iyakar Nijar, da hannu. Muka taka cikin yashi, rana na dukanmu. Duk sanda na yi tangaɗi sai in ji zirr, in gyara tsayuwa. Ƙafata na ji, ba na bukatarsa, amma ya zame mini abokin tafiya har batirinsa ya mutu.

Na iso gida ana yankan hatsi, na rame har Inna ta tsaya tana dubana kafin ta kira sunana. Washegari na kai na'urar wurin mai panon sola da ke sa wa salula wuta, na tsaya a kansa har ta cika. Kafin azahar Malam ya yi alwala, na tsane masa ƙafa, na sa masa takalman, na ɗaure maɗauran. Ya miƙe. Na ga fuskarsa ta canza.

"Wani abu na taɓa ni."

"Shi ne, Malam. In ya taɓa ta gaba, ku koma baya kaɗan."

Ya dafa kafaɗata muka fita. Kafin mu kai masallaci hannunsa ya yi sauƙi a kaina, taku biyar na ƙarshe ma shi kaɗai ya yi su. Mutane suka tsaya suna kallo, ni kuwa kaina ya yi girma, ina ji kamar a tambaye ni in ba da labarin Wahran. Muka iso bakin ƙofa inda takalman jama'a ke zube. Malam ya tsaya, ya ce a hankali, "Mutari, tuɓe mini."

Na durƙusa na tuɓe masa. Ya dafa bango ya shiga, ya zauna a ƙarshen sahu inda ya saba. Ni na tsaya riƙe da takalman. Shekara biyu ina yawo da sawun liman, ban taɓa tuna cewa liman ba ya shiga masallaci da takalmi ba. Wata takwas ina tuɓe wa Ammi Salah nasa ina kai shi kujera, na gani da idona, tunanin bai zo mini ba. Ni da aka haifa a zauren liman.

Ban san me na karanta a sallar nan ba. Ana sallamewa na yi gona, na yi ta zagaya kan iyaka ina zagin kaina. Na ji haushin Alhaji Ɗanjuma, na ji haushin lokotoro, na fi jin haushin Mutari. Har na fara lissafin motar da zan bi in koma arewa, don ban ga yadda zan zauna a garin nan ana nuna ni ba. Bayan la'asar Inna ta biyo ni da kanta ta ce Malam na kira.

Na same shi a zaure, takalman na gabansa yana jujjuya ɗaya.

"A wane babi ka gudu daga karatu?"

"Ban tuna ba, Malam."

"Ni na tuna. Saura kaɗan mu kai babin shafa a kan huffi. Da ka zauna mako biyu, da ka huta da zagayen gona."

Ya yi mini karatun da na guje wa. Huffi safa ce ta fata, ana salla da ita, liman ma yana jan salla da ita. Ya lissafa sharuɗɗan da yatsunsa: ta zama fata, mai tsarki, ta rufe idon sawu, a iya tafiya da ita, a sa ta bayan cikakkiyar alwala.

"Kuma ɗinkakkiya," in ji shi. "Ba a yarda da ta liƙi ba. Ka san wani mai ɗinki?"

Ranar kasuwar Sassumbrum na hau kabu-kabu na sayo jar fatar akuya mai laushi. Na nemo tsohuwar basillata a ɗakin Inna, na farke takalman da na ratso hamada da su, ɗinki bayan ɗinki, raina na ƙuna. Wannan karon ba takarda. Ƙafar ce da kanta a cinyata, mai sanyi, duk faso, babban yatsan hagu a karkace kamar yadda Madam Zuhra ta faɗa. Tun da nake ban taɓa riƙe ƙafar mahaifina haka ba. Na juya ɗinkin waje don kada zare ya goge shi, na yi wa wayar hanya ta bayan dunduniya.

Mako uku muna koyo a tsakar gida. Tsayuwa, ruku'u, ɗagowa, ni ina bayansa da hannu a buɗe. Ɗagowar ce ke ba shi wuya. Sau biyu na tare shi, ya ce abin na yi masa surutu da yawa, na ce haka almajirai ke cewa game da shi. Inna ta yi dariya har ta bar tankaɗe. Duk yamma in tuɓe huffin in duba tsakanin yatsu. Hatsi kuwa ya shiga rumbu, saura mako ɗaya naɗi.

Ranar Juma'a Malam ya aika wa Malam Rabe cewa yau shi zai ja. Mutumin kirki ne, da kansa ya gyara masa buzu. Na tsaya a sahun farko daidai bayansa. Allah Ya yafe mini sallar nan, don idona bai bar dunduniyarsa ba. A ɗagowar farko ya tafi baya kaɗan, har hannuna ya motsa, sai na ga ya dawo ya tsaya cak. Ta biyu ko motsi bai yi ba. Muryarsa ta fita kamar da, na ji wani tsoho a gefena yana jan hanci.

Da ya sallame ya juyo ya fuskanci jama'a, ya ce daga yau Malam Rabe ne limamin gari, shi ya sauka, a yafe masa abin da ya yi ba daidai ba. Ya kama hannun Malam Rabe ya zaunar da shi a kan buzun.

A hanyar gida na kasa haɗiye maganar.

"Malam, shekara biyu na yi. Saboda raka'a biyu?"

Bai tsaya ba, yana tafiya yana sauraron ƙafarsa.

"Abin nan batir gare shi, Mutari. Ba zan rataya sallar gari a kan batir ba. Amma faɗuwa ce ta fitar da ni daga wurin nan, ban so a ce ita ta tuɓe ni ba. Yau ni na sauka da ƙafata."

Har lokacin raina bai kwanta ba. A ƙofar gida muka tarar da wani baƙo daga Mallawa da ya bi sallar, yana jira ya gaisa. Bayan gaisuwa ya duƙa yana duban huffin, ya shafa ɗinkin da yatsa, ya tambaya ko daga Makka aka kawo.

"A'a," in ji Malam. "Aikin Mutari ne, ɗana. Baduku ne."